Kududdufi da Kwarmin Dutse: Ilmin da Ke Cikin Ruwan Damina a Ƙasar Kano

GABATARWA

A ƙasashen da ke gaɓar teku, kamar Ingila da Faransa, akwai wata al'ada wadda iyalai suka daɗe suna yi a lokacin hutun makaranta. Magidanci yakan ɗebi iyalinsa su tafi bakin teku, su jira har ruwa ya janye, sa'an nan yara su bazu cikin duwatsu da 'yan bokitai da 'yan komaye, suna leƙa ramukan da teku ta bari cike da ruwa. Teku tana cikowa ta kuma janye sau biyu a cikin kimanin awa 25, saboda jan da wata da rana ke yi wa ruwanta, kuma duk sa'ad da ta janye takan bar ƙaguwa da ƙananan kifaye da sauran halittu a cikin waɗannan ramuka. Wani Bature masanin halittu, Philip Henry Gosse, yana daga cikin waɗanda suka yayata wannan al'ada da littattafansa a shekarun 1850. Abin ya karɓu ƙwarai, har ya zamana a shekarar 1907 ɗansa, Edmund Gosse, ya koka da cewa masu tsince-tsince sun washe ramukan da ya sani yana yaro.

Yaron da aka haifa a Ɓichi ko Dambatta ko Minjibir yana da nisan kimanin kilomita 1,000 daga teku, kuma mai yiwuwa ne ya girma har ya tsufa bai taɓa ganinta ba. Amma wannan bai sa ya rasa irin wannan makaranta ba. Abin da teku ke yi sau biyu a yini, shi damina ke yi sau ɗaya a shekara a ƙasar Kano: ruwa ya zo ya cika kowane rami, halittu su bayyana a ciki, sa'an nan ya janye. Kuma dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ma'aikata da yawa kan kai 'ya'yansu ƙauye wurin kakanni. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana abin da ke cikin wannan ruwa, da dabarun da halittun cikinsa ke bi su tsallake rani, da haɗarin da ke tattare da shi, da kuma dalilin da ya sa bai kamata a raina shi ba.

SUNAYEN RUWA A BAKIN BAHAUSHE

Kafin a shiga ruwa ya kamata a san sunansa, domin Bahaushe bai yi wa ruwan kwance kuɗin goro ba. Tafki shi ne wurin da ƙasa ta lotsa da kanta, ruwa yake taruwa a ciki. Fadama ita ce ƙasa mai damshi a gefen rafi ko ƙorama, inda ake lambu da rani. Kududdufi kuwa aikin hannun mutum ne, watau ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini. Kwarmin dutse shi ne ɗan ramin da ke kan falalen dutse, wanda wani lokaci faɗinsa bai wuce na faifai ba, zurfinsa kuma bai wuce tsawon yatsa ba.

Daga cikin waɗannan, kududdufi ne ya fi dangantaka da tarihin zaman jama'a. Duk gidan ƙasa da aka gani a tsaye, akwai ramin da ya bari a wani wuri. Duk ganuwar da aka ɗaga, akwai kududdufin da ya haife ta. Saboda haka yawan kududdufai a gari shaida ce ta daɗewarsa da yawan mutanensa. Sa'ad da Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a shekarar 1851, ruwan Jakara da ke tsakiyar birni yana daga cikin abubuwan da ya kwatanta.

A karkarar da ke kewaye da birnin ma haka abin yake. A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka buga sakamakon bincikensu a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a, inda ake noma fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙasa kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. A irin wannan wuri babu daji, babu kurmi; gona ce ta haɗe da gona, sai dai ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsattsaye. Ke nan kududdufi da tafki da gefen dutse su ne 'yan wuraren da suka rage inda halitta ke zaman kanta, ba wanda ya shuka ta. Ba banza ba Hausawa suka yi wa tsiron nan mai yawo a kan ruwa kirari da cewa kainuwa dashen Allah.

SHEKARAR KUDUDDUFI

A ƙasar Kano ruwan sama yakan sauka ne daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a watan Agusta. Sauran watanni bakwai kuwa, in an ga ɗigo to sa'a ce. Da zarar shamuwa ta iso, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi, kududdufi kuma yana gab da farfaɗowa.

Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, kwaɗi sukan cika gari da kuka, burduddugi yana amsa musu da babbar murya. Maza ne ke wannan kuka, suna kiran mata. Da gari ya waye akan ga ƙwai a bakin ruwa, wasu a jere kamar tsakiya a zare, wasu a dunƙule. Cikin 'yan kwanaki 'ya'yan kwaɗi su ƙyanƙyashe, baƙaƙe masu wutsiya, suna kiwo a kan gansakuka. Bayan su sai masu cinsu su biyo: tsutsar mazari, wadda ke laɓewa a cikin laka ta cafke duk abin da ya gifta, da ƙwarin ruwa iri-iri, da matsattsaku. A tsakiyar damina bado yakan shimfiɗa ganyensa ya fid da fure, balbela da zalɓe su tsaya a gefe suna tsinta. Daga kaka ruwa ya fara ja da baya, iskar hunturu ta ƙara tsotse shi, har a kai watan Maris ko Afrilu, lokacin da yawancin ƙananan kududdufai suka zama busasshiyar laka mai tsattsagewa, awaki suna ratsawa ta kai.

Tambayar da yara kan yi a nan ta fi ta manya kaifi: in ruwan ya ƙafe ƙurmus, daga ina halittun suke dawowa baɗi? Wasu mutane sukan ce kifi yana faɗowa ne daga sama tare da ruwa. Amsar gaskiya ta fi wannan ban mamaki.

DABARU HUƊU NA TSALLAKE RANI

Dabara ta farko ita ce ƙaura. Mazari da ƙwarin ruwa masu fiffike sukan tashi su nemi ruwan da bai ƙafe ba, kamar yadda tsuntsaye ke yi. Tarwaɗa kuma tana da wata gaɓa a bayan kanta wadda take shaƙar iska da ita, shi ya sa take jure ruwa mai laka, har takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan ruwa zuwa wancan.

Dabara ta biyu ita ce kwanciya a ƙarƙashin ƙasa, kuma gwanar wannan ita ce gaiwa. Gaiwa kifi ce mai huhu. Idan ruwa ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fid da wata yauƙi wadda ke bushewa ta zama kamar jaka a kewaye da ita, ta bar 'yar ƙofa a saitin bakinta inda iska ke shiga. Numfashinta da bugun zuciyarta su ragu ƙwarai, ta yi watanni a haka ba ci ba sha, tana rayuwa da abin da ke cikin tsokar jikinta. Hausawa sun daɗe da cewa gaiwa jikinta take ci, kuma binciken masana ya gaskata su. Kwaɗi da yawa ma haka suke yi, su binne kansu a wuri mai damshi har ruwa ya dawo.

Dabara ta uku ita ce iyaye su mutu su bar ƙwai. Akwai wasu ƙananan kifaye waɗanda duk rayuwarsu damina ɗaya ce. Sukan binne ƙwansu a laka, ruwa ya ƙafe su mutu, ƙwan kuma ya kwana cikin busasshiyar ƙasa har ruwan baɗi ya jiƙa shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kifaye an fara bayyana shi ga masana ne a shekarar 1928 daga kogin Kiyawa, kusa da Katagum, kuma har yau sunan Kiyawa yana cikin sunan da masana ke kiransa da shi, watau Pronothobranchius kiyawensis. Wannan ita ce amsar kifin da ake cewa ya faɗo daga sama: a ƙasa yake tun bara.

Dabara ta huɗu ita ce mafi ban al'ajabi, kuma a kwarmin dutse ake samunta. Arewacin Jihar Kano fili ne mai jigawa, duwatsu ba su da yawa, amma akwai su a Fanisau, akwai su wajen Kazaure, sun kuma fi yawa a Rano da Dutse da Birnin Kudu. Ruwan da ke taruwa a kan dutse yakan ƙafe cikin 'yan kwanaki, kuma da tsakar rana dutsen yakan yi zafin da ba a iya taka shi ba takalmi. Duk da haka akwai wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro, amma ba ya cizo, wanda jajayen tsutsotsinsa ke zama a 'yar lakar da ke gindin irin wannan kwarmi. Wani mai bincike, F. L. Vanderplank, shi ya samo shi a duwatsun arewacin Nijeriya, H. E. Hinton na Jami'ar Bristol kuma ya bayyana shi a shekarar 1951, ya sa masa suna Polypedilum vanderplanki.

Idan ruwa ya ƙafe, wannan tsutsa ba ta gudu, ba ta kuma mutuwa. Bushewa take yi tare da lakar, har ruwan jikinta ya koma kimanin kashi 3 cikin 100, ta zama kamar ɗan ɓawon hatsi, babu numfashi babu motsi. Da an ɗiga mata ruwa sai ta kumbura, cikin kimanin awa guda ta ci gaba da kiwonta. Hinton ya gwada busassun tsutsotsin a zafin da ya ɗara na tafasasshen ruwa, ya kuma gwada su a sanyin digiri 270 ƙasa da sifiri, suka farfaɗo. An sami waɗanda suka motsa bayan shekara 17 a bushe. Daga baya masana a Japan, a ƙarƙashin Takashi Okuda, suka gano asirin: yayin da tsutsar ke bushewa a hankali, jikinta yakan tara wani irin sukari mai suna tirehalos, har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta a bushe. Sukarin nan shi ke maye gurbin ruwa, ya daskare kamar gilashi, ya riƙe kowane sashe na jikinta a mazauninsa. A shekarar 2007 aka kai busassun tsutsotsin tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka ajiye su a bayan tashar fiye da shekara guda, aka dawo da su, da yawansu suka farfaɗo. Masu harhaɗa magunguna suna nazarin wannan dabara don neman hanyar adana magani ba tare da firiji ba. Ke nan abin da makiyayi ke takawa a kan dutse ya wuce, shi manyan jami'o'in duniya ke kashe dukiya a kan fahimtarsa.

ƊAYA FUSKAR RUWAN

Amma fa wanda ya yabi kududdufi bai faɗi aibinsa ba ya yi rabin magana. Ruwan da ke raya gaiwa shi ke raya cuta, kuma cututtukan ma da irin waɗannan dabaru suke tsallake rani.

Ta farko ita ce tsargiya, watau fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a shekarar 1851, Robert Leiper kuma ya tabbatar da hanyar yaɗuwarta a Masar a shekarar 1915. Ga yadda abin yake: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. Bayan 'yan makonni sai dubban ƙananan tsutsotsi, waɗanda ido ba ya gani sosai, su riƙa fitowa daga jikinsa, musamman da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ruwan ba. Su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwansu ya riƙa yi mata rauni. A wasu ƙauyuka an ɗauki jinin nan alamar balaga ga yaro namiji, alhali kuwa ciwo ne wanda in ya daɗe yakan lalata mafitsara da ƙoda. Dodon koɗin shi ma yakan shige laka da rani ya jira damina. Akwai maganin cutar, watau firazikwantel, amma yaron da ya sha magani ya koma ruwan nan zai sake ɗauka.

Ta biyu ita ce zazzaɓin cizon sauro. Sauron da ya fi yaɗa shi ya fi son ƙaramin ruwa wanda rana ke duka, irin na sawun kofaton shanu a bakin tafki da ramin da aka ɗebi ƙasar tubali, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana goma ba. Ƙasar Kano tana da suna a tarihin binciken wannan cuta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. An yi feshi a ɗakuna, an rarraba magani ga ƙauyuka. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta dawo. Darasin Garki shi ne, a ƙasa mai irin wannan damina, aikin lokaci ɗaya ba ya raba mutane da sauro.

Ta uku ita ce kurkunu, kuma labarinta mai daɗin ji ne. Wani ɗan ƙwaron ruwa wanda bai kai ƙwayar gero ba shi ke ɗauke da tsutsar. Mutum ya sha shi a ruwan tafki, bayan kimanin shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta ɓullo masa a ƙafa, daidai lokacin noma, ta kwantar da shi gonarsa ta cika da ciyawa. Ƙidayar da aka fara a 1988 ta sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ba a sami allura ko ƙwayar maganinta ba. Abin da aka yi shi ne tace ruwan sha da ƙyalle, da hana mai ciwon tsoma ƙafarsa a ruwa, da haƙa rijiyoyi, tare da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar. Sanin rayuwar ƙwaro ɗaya na cikin tafki shi ya yi wannan aiki.

Haɗari na huɗu ba cuta ba ne. Da yake haƙa kududdufi aka yi, gaɓarsa takan yanke tsaye, ƙasansa kuma ramuka ne a cikin ramuka. Yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya ya zurma inda ya sha kansa. Kusan kowace damina akan ji labarin yaran da suka nutse a kududdufan Kano, kuma ɗan birnin da ya zo hutu, wanda bai san ramin ba sa'ad da yake a bushe, ya fi kowa shiga wannan haɗari.

A CIKE KO A BARI?

Ganin waɗannan illoli, mai mulki zai iya cewa a cike kududdufai duka a huta. A cikin birnin Kano an riga an cike da yawa da shara, an yanka filaye an yi gine-gine a kansu. Sai dai ruwan saman da kududdufi ke karɓa bai daina sauka ba; in bai sami mazauninsa ba, gidajen mutane yake shiga. Bugu da ƙari, ruwan da ke kwance a kududdufi yana tsatsafowa ƙasa a hankali ya ciyar da rijiyoyin da ke kusa. A karkara kuwa a nan ake shayar da dabbobi, a nan ake kwaɓa ƙasar gini, a nan ake jiƙa rama, in ruwa ya ja kuma a yi su a kama tarwaɗa da gaiwa. Waɗanda suka ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun san darajar ruwan da ya kai watan Fabrairu bai ƙafe ba. Manyan madatsun da aka soma ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Tiga da Ɓagauda, da na arewacin jihar kamar Tomas da Watari da Gari, sun taimaka, amma ba kowane ƙauye ne ke kusa da madatsa ba, kuma su ma ba su tsira daga dodon koɗin tsargiya ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a rarrabe. Ruwan sha ya fito daga rijiya ko famfo. A hana yin fitsari da bayan gida da zubar da shara a kududdufi. A gyara gaɓar da ta yanke tsaye a inda yara ke bi. Ƙananan ramukan da ba su da amfani sai haifar sauro a cike su, manyan da ke karɓar ambaliya kuma a shata iyakarsu a tsarin gari, kada a sayar.

KAMMALAWA

Magidancin da ya kai 'ya'yansa ƙauye da damina ba ya bukatar kuɗin jirgi kafin ya nuna musu abin da yaran bakin teku ke gani. Abin da yake bukata shi ne farar roba ko kwano, da ludayi mai dogon hannu, da babban mutum a tsaye. A ɗebo ruwan daga gaɓa ba tare da an shiga ba, a zuba a kwano, a jira ya kwanta, a duba. Kada a sha, kada a yi wanka, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, abin da aka ɗebo kuma a mayar da shi inda yake, don kada a maimaita ɓarnar da Edmund Gosse ya koka da ita. Da rani ma ana iya kankaro 'yar busasshiyar laka daga kwarmin dutse, a zuba mata ruwa mai tsabta a faranti, a zauna a ga ko wani abu zai motsa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa musamman. Tsofaffin ƙauye da masunta suna da sunayen ƙwari da kifaye da tsirran ruwa waɗanda ba duka ne suka shiga ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham ba, kuma duk kududdufin da aka cike, akwai kalmomin da ke bin sa. Ɗalibin da ya tafi hutu da littafi da alƙalami, ya zauna da kakarsa ko da sarkin ruwan garinsu, ya rubuta suna da siffa da lokacin bayyanar kowace halitta da abin da ake faɗa a kanta, ya yi wa harshe hidima, ya kuma ajiye wa likita da malamin gona abin da za su nema wata rana. Gani ya kori ji. Allah Ya sa a dace.